Titi na kowa ne, fuska fa ta wa?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kafin wayar hannu ta cika gari ya san hoto abu ne da ake yi wa shiri. Ranar sallah ko ranar suna, sai an yi wanka, an sa sabon ɗinki, an karya hula, mata sun kafa ɗauri sun zizara kwalli, sannan a nufi shagon mai hoto ko a kira shi gida. A tsaya gaban labule mai zanen furanni, a gyara tsayuwa, a haɗiye dariya. Bayan kwana biyu ko uku a je a karɓo, an wanke. In bai yi kyau ba a cusa shi ƙasan akwati, ba mai sake ganinsa. Mai fuskar shi ya biya, shi ya zaɓi yadda zai fito, kuma a hannunsa hoton yake kwana. Haka Seydou Keïta ya yi ta aiki a shagonsa na Bamako tun daga 1948, shi ya sa mutanen cikin hotunansa suke kallonka da isa, kamar masu cewa ga ni yadda na ga dama a gan ni.

Hoton titi ya kifar da wannan tsari gaba ɗaya. Ba shiri, ba sallama, ba gyara tsayuwa. Mai kyamara yana tafe cikin jama'a yana farautar ɗan lokacin da rayuwa ta tsaya daidai: mai shayi ya ɗaga kofi sama yana shiƙa, ɗan dako ya sunkuya ƙarƙashin buhu, wasu 'yan mata sun tuntsire da dariya a bakin famfo. Ya danna, ya wuce. Sana'ar ta samu ƙafa ne da kyamara ta ƙanƙance. Kodak ta fito a 1888, Leica ta shiga kasuwa a 1925, ita ce kuwa Bafaranshe Henri Cartier-Bresson ya riƙa yawo da ita har ya zama uban wannan fanni. Ƙorafi ma bai makara ba. A 1890, shekara biyu kacal bayan Kodak, wasu lauyoyi biyu na Amurka, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka yi rubutun da ake ɗauka a matsayin tushen haƙƙin sirri a dokar ƙasarsu, kuma hoton ba-zata na cikin abubuwan da suka yi kuka da su. Wato rigimar tsarar kyamarar ce. Abin da ya canza yau shi ne kowa ya zama mai hoto.

Kafin a hau masu wannan sana'a da faɗa, a ba su haƙƙinsu. In aka ce sai an nemi izinin kowa kafin a danna, to an kashe fannin, domin da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa ya daina zama yadda yake, ya koma irin tsayuwar shagon mai hoto. Kuma asarar ba ta masu fasaha kaɗai ba ce. Abin da muka sani game da kamannin kasuwanninmu, tufafin kakanninmu da yadda ganuwa take kafin a cinye ta, kaso mai yawa daga hotunan da ba a nemi izinin kowa ba muka same shi. Bayan haka akwai babban dalili: kyamarar kan titi ita ce shaidar marar gata. A watan Mayun 2020, yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya a gefen titi a Minneapolis ta ɗauki bidiyon ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu. Da ta nemi izini da ba a ba ta ba, da kuma sanarwar farko ta 'yan sanda ce ta zama tarihi. Don haka duk wanda ya zo maka da dokar hana ɗaukar hoto a bainar jama'a gaba ɗaya, ka fara duba wa za ta fi yi wa rana.

To me doka ta ce? Ya danganta da inda ƙafarka take. Shari'ar da ta fi jan hankalina ita ce ta New York. Tsakanin 1999 da 2001 wani mai hoto, Philip-Lorca diCorcia, ya maƙala fitilu a jikin ƙarafan gini a dandalin Times Square, ya ja baya da kyamara mai hangen nesa, yana ɗaukar fuskokin masu wucewa ba su sani ba. Ɗaya daga cikinsu wani dattijon Bayahude ne mai riƙo da addini, Erno Nussenzweig, tsohon ɗan kasuwar lu'ulu'u. Sai a 2005 ya gano an baje hotonsa a zauren nuni, an buga shi a littafi, an sayar da kwafi goma kowanne a kan dala dubu 20 zuwa dubu 30. Ya kai ƙara, yana cewa an yi kasuwanci da fuskarsa, kuma addininsa ya hana sura. A 2006 kotu ta ce wannan fasaha ce, tsarin mulki ya ba ta kariya, sayar da ita bai mai da ita talla ba. A 2007 babbar kotun jihar ta rufe maganar da cewa ai ma ya makara, wa'adin shigar da ƙara ya fara ƙirguwa tun ranar da aka fara nuna hoton. Ka ji fa: ya makara wajen ƙorafi a kan abin da bai san an yi ba. Duk wanda ya zauna da dattawanmu da har yau ba sa yarda a ɗauke su hoto sai na fasfon Hajji, ya san abin da ke cin ran wannan dattijo, ko da addini ya bambanta.

Tsallaka iyaka kaɗan zuwa Kanada, hukunci ya juya. A 1998 kotun ƙolin ƙasar ta goyi bayan wata budurwa da aka ɗauka tana 'yar shekara 17, zaune a kan matakalar wani gini a Montreal, wata mujalla ta buga ba da saninta ba. Ta ce abokan karatunta sun yi ta yi mata ba'a. An ba ta diyyar dala 2,000 na Kanada bisa dokar lardin Quebec, kotun kuma ta bambance tsakanin wanda ya faɗo cikin hoton taro da wanda aka ware shi kaɗai ya zama shi ne hoton. Jamus kuwa tun 1907 take da dokar da ta ce ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, in ban da 'yan keɓantattun wurare kamar taron jama'a da mutanen da tarihi ya shafa. Asalin dokar ma abin ji ne: a 1898 wasu masu hoto biyu suka saci jiki suka shiga ɗakin da gawar Bismarck, tsohon shugaban gwamnatin Jamus, take kwance suka ɗauka don su sayar. A Najeriya, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sashe na 39 ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Amma mai tallar gyaɗar da aka ɗora hotonta a Instagram ba ta da kuɗin lauya, ba ta ma san an ɗora ba.

In ka lura, Kanada da Jamus ba dannawar ce ta fi damunsu ba, yaɗawar ce. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta koya mini wannan ba tare da ta karanta dokar kowa ba. Na tsuguna nesa kaɗan da ita wata yamma, hasken rana ya sauka a kan hannayenta tana ƙulla leda, na danna. Ta ɗago ta kalle ni, ba fushi, ta ce: "Ɗan nan, ina za ka kai ni?" Ba ta ce me ya sa ka ɗauke ni ba. Ta san gani ba komai ba ne, tun safe dubban idanu ke wucewa ta kanta. Amma ido in ya gani mantawa yake yi, kuma duk mai kallonta ita ma tana kallonsa. Hoto shi ke ɗaukar mutum cak ya kai shi inda bai je ba, gaban waɗanda ba zai taɓa gani ba, a cikin yanayin da ba shi ya zaɓa ba. Na ce mata, "Baba, ba inda zan kai ki sai kin yarda." Gaskiya kuwa kafin ta tambaya ban yi tunanin amsar ba.

Ina ake kai mutum, kuma wa ke cin riba in an kai shi? Labarin Florence Owens Thompson ya isa misali. A 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mai hoto Dorothea Lange, wadda ke yi wa wata hukumar gwamnati aiki, ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙwadagon gona a Nipomo ta jihar California. Ta tarar da wata mata 'yar shekara 32 cikin tanti da 'ya'yanta, ta ɗauki hotuna kaɗan cikin 'yan mintuna ta tafi. Ita da kanta ta rubuta daga baya cewa ba ta tambayi sunan matar ba. Hoton ya fito a jarida, gwamnati ta aika da abinci sansanin, amma kafin ya iso matar da iyalinta sun yi gaba. Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a duniya, har kan tambarin wasiƙa ya hau. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ko wace ce, ta kuwa ce ko sisin kwabo ba ta samu ba, da ma ba a ɗauka ba. A yi wa Lange adalci: hoton mallakar gwamnati ne, ita ma ba ta karɓi kuɗin sayar da shi ba, suna ta samu. Kuma da Thompson ta kwanta ciwon ajali a 1983, albarkacin hoton ne jama'a suka tara mata dubban daloli. Duk da haka ta shafe shekara arba'in da 'yan kai a matsayin fuskar talauci, bayan ta yi aiki tuƙuru ta raini 'ya'yanta ta fita daga wannan hali. Hoto ba ya tsufa tare da mai shi. Ya tsayar da ita a rana mafi muni, duniya ta ƙi barin ta wuce.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Ana cewa wanda ke kan titi ba shi da sirri, tunda shi ya fito. Amma wa ke kan titi? Mai kuɗi yana fita daga gida mai katanga, ya shiga mota mai baƙin gilashi, ya sauka a ofis mai maigadi. Da kuɗinsa ya sayi sirri. Almajiri kuwa, da mabaraci, da ɗan gudun hijira, da mai taɓin hankali, titi ne ɗakinsu. A nan suke ci, a nan suke barci, a nan suke kuka. In ka ɗauki yaro yana barci a ƙarƙashin gada, a takarda ka ɗauki hoto a bainar jama'a, amma a zahiri cikin ɗakin kwanansa ka leƙa. Dokar da ta ce duk abin da ke waje halas ne, a aikace tana cewa talaka halas ne. Kuma shi ya fi sauƙin ɗauka, don ba zai biyo ka ba, ba zai ƙwace kyamara ba. Gwada ɗaga waya a fuskar wani mai rawani ko mai kaki ba sallama, ka ga yadda za ta kaya. Ni dai ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: in na san ba zan iya yi wa mai ƙarfi irin wannan ɗaukar ba, to abin da ya ba ni dama a kan wannan rauninsa ne, ba gwanintata ba.

Yaro kuma matsalarsa ta daban ce. Ko ka tambaye shi, "e" ɗinsa ba izini ba ne. Ka ɗaga kyamara a kowace unguwa yara za su yanyame ka suna "a ɗauke ni, a ɗauke ni", amma ba wanda ya san ma'anar hotonsa ya zauna a intanet shekara ashirin. Almajirin da ke riƙe da roba yau, gobe malami ne ko ɗan kasuwa mai iyali. Mu da muke jin zafin katunan gaisuwa na zamanin mulkin mallaka, irin waɗanda Bafaranshen mai hoto Fortier ya riƙa bugawa a Dakar farkon ƙarni na 20 da hotunan 'yan matan Afirka ba riga ana aikawa Turai, ya kamata mu ji nauyin maimaita irinsa da hannunmu don neman mabiya. Har da masu raba sadaka da kyamara a gaba, a miƙa wa gajiyayye leda a ce ya kalli nan ya yi godiya. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta riga ta yi magana a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Sai kuma abin da ake rubutawa a ƙasan hoto, wanda sau da yawa ya fi hoton kansa ɓarna. A watan Maris na 1993 Kevin Carter, mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki hoton wani ƙaramin yaro da yunwa ta kayar a Ayod, kudancin Sudan na wancan lokaci, ga ungulu a bayansa. Jaridar New York Times ta buga, aka ce yarinya ce, duniya ta ɗauka ungulun jira yake ta cika. Mutane suka yi ca a kan Carter: me ya sa bai taimake ta ba? Ya samu kyautar Pulitzer ta aikin jarida a 1994, watanni kaɗan bayan haka ya kashe kansa yana da shekara 33, ko da yake damuwoyinsa sun fi wannan hoton yawa. A 2011 jaridar El Mundo ta Sifaniya ta bi sawu, ta gano namiji ne, kusa da cibiyar rabon abinci yake, kuma ya tsira daga wannan yunwa ya rayu har ya girma. Hoton bai yi ƙarya ba, amma abin da aka yanke daga gefensa da abin da aka rubuta a ƙasansa sun gina wani labari daban. Mu ma muna gani kullum. Duk taron yara a Arewa sunansa "yaran da ba sa zuwa makaranta", ko da daga Islamiyya suka taso. Mace ta zauna hutawa a bakin asibiti, gobe ta ga kanta a saman rahoton wata cuta. Mai hoton da ya saki aikinsa ba bayani, ko ya ƙaga bayanin da bai tambaya ba, yana da kaso a wannan ƙazafi.

Da can ma akwai abin da ke rage kaifin lamarin, wato lokaci da nisa. Mai hoto Ba'amurke Walker Evans ya ɓoye kyamara cikin kwat, idonta na leƙowa ta tsakanin maɓallai, ya ɗauki fasinjojin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York daga 1938 zuwa 1941. Bai fitar da su a littafi ba sai 1966. Ɓoye kyamara dai ba abin yabo ba ne, amma shekara 25 ta isa fuska ta canza, rigima ta mutu. Yau tsakanin dannawa da yaɗawa daƙiƙa goma ce, kuma ba wata ƙasa mai nisa hoton yake tafiya ba, wayar maƙwabcin mutum yake faɗawa, da ta mijinta, da ta surukarta. Budurwar da aka ɗauka tana hira da wani a bakin titi na iya rasa aure a kan hoton da mai shi ya ɗauka don hasken ya burge shi. Ga kuma manhajojin gane fuska: a 2020 aka bankaɗo cewa kamfanin Clearview AI ya kwashi hotuna sama da biliyan 3 daga intanet don a riƙa gane mutum da fuskarsa. Wanda a da baƙon fuska ne cikin taro, yanzu ana iya ciro sunansa. Magana zarar bunu ce, hoto ya fi ta.

Abin mamaki, muna da tsohuwar ƙa'ida da ta dace da wannan sabuwar sana'a. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya. Suka ce ba makawa sai sun zauna, nan ne majalisarsu. Bai kore su ba, sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Dubi yadda aka yi: ba a hana zaman ba, an ɗora masa nauyi. Mai kyamara mazaunin bakin hanya ne wanda idonsa ba ya mantuwa. Runtse ido a wurinsa shi ne ya san abin da zai bari ya wuce: wanda ya tsuguna biyan buƙata, matar da iska ta yaye wa mayafi, wanda mota ta buge yana kwance cikin jini. A kan wannan na ƙarshe Jamus ta kai ga hukunci, tun farkon 2021 ɗaukar hoton wanda ya mutu a hatsari na iya kai mutum kurkuku har shekara biyu. Mu kuwa kafin a samu mai ɗaga wanda ya ji rauni, an samu goma masu ɗaga waya. Hani da mummuna kuma shi ne gefen Darnella: akwai lokacin da sauke kyamara ne laifin.

Amsa sallama ita ce ta fi sauƙi, ita aka fi tsallakewa. In ba a nemi izini kafin a danna ba, ai ana iya nema bayan an danna. Ka ƙarasa, ka gaisa, ka juya kyamarar ka nuna masa, ka faɗi inda za ka sa. Mafi yawan mutane dariya suke yi su ce a turo musu. A 2016 mai hoto TY Bello tana ɗaukar mawaƙi Tinie Tempah a kan titin Legas, wata mai tallar burodi, Olajumoke Orisaguna, ta ratso cikin hoton da kaya a ka. Bello ta sa aka nemo ta, aka san sunanta, ta hau bangon mujallar ThisDay Style da saninta. Shahara tana da nata ƙayoyin, ba kuma kowane mai hoto ke da mujalla a hannu ba, amma ko banza an koma an tambayi sunan, abin da Lange ba ta yi ba.

Batun kuɗi ya fi sarƙaƙiya. Wasu na cewa in ka biya ka ɓata gaskiyar hoton, ka kuma koya wa mutane yin wasan kwaikwayon talauci don baƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, duk wanda ya je wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke yawan zuwa ya gani. Amma ban yarda mutum ya sayar da fuskar mai ƙosai da daloli ya ce sayen ƙosan naira ɗari biyu zai zubar masa da ƙa'idar sana'a ba. Ka yi ciniki a wurinta, ka wanko hoton ka kawo mata, in ya kawo kuɗi na gaske ka tuna akwai mai kaso.

Ba kuma kowane hoto ke buƙatar wannan dogon lissafi ba. Ranar hawan Daushe a Kano, mahayin da ya sha ado ya fito ne don a gan shi, in ba ka ɗauke shi ba ma sai ya ji haushi. Hoton cunkoson Kantin Kwari daga saman bene ba na kowa ba ne. Lissafin yana tsananta ne gwargwadon yadda ka ware mutum ɗaya, da gwargwadon rauninsa, da abin da zai iya rasawa in an gane shi.

Inda na fi samun saɓani da abokai masu kyamara shi ne in mutum ya ce a goge. Sukan ce doka ba ta tilasta ba, kuma wani lokaci hoton da aka ce ka goge shi ne mafi kyawun abin da ka samu a wata guda. Na san zafin, na sha ji. Amma ni gogewa nake yi a gabansa, in nuna masa ya tafi, har daga kwandon da waya ke ajiye abin da aka goge. Wuri ɗaya na keɓe: in abin da na ɗauka shaidar zalunci ne, kuma mai cewa a goge shi ne azzalumin. Wannan kam kafin ya ƙaraso na tura wa wani.